Bashin sayen gida a Najeriya: yadda tsarin yake, sharuɗɗansa da abin lura ga mai neman gidan farko

Ma'aikatan gwamnati da yawa a Najeriya suna ganin an cire wani ɗan kaso daga albashinsu duk wata da sunan Asusun Gidaje na Ƙasa, amma kaɗan ne suka san abin da wannan kuɗi yake ba su dama su nema. Wasu sukan kai shekarun ritaya suna gidan haya, alhali sun shafe shekara talatin suna zuba kuɗi a asusun da aka kafa domin ba su rancen mallakar muhalli. Wasu kuma sukan samu gidan da suke so, su tara kuɗin kafin alƙalami, sai banki ya ƙi ba da rancen saboda takardun filin ba su cika ba.

Bashin jinginar gida yarjejeniya ce ta shekaru masu yawa, kuma kuskure a farkonta yana iya jawo asarar gidan da kuɗin da aka riga aka biya. Saboda haka ya kamata mai nema ya san dokokin da suka shafe shi da lissafin da ke cikinsa tun kafin ya sa hannu.

Mene ne bashin jinginar gida?

Rance ne da banki yake bayarwa domin a sayi gida ko a gina shi, gidan kuma ya zama jingina har sai an gama biya. Mai cin bashin yana zaune a gidan, yana biyan wani adadi duk wata. Wannan adadi ya ƙunshi abu biyu: wani ɓangare na uwar kuɗin, da kuɗin ruwan da ya hau kan abin da ya rage. Takardun mallakar gidan suna zama a hannun banki. Idan an kammala biya, banki ya saki jinginar a rubuce ya mayar da takardun. Idan biya ya gagara, doka ta ba banki damar sayar da gidan domin ya karɓi haƙƙinsa.

A Najeriya hanyoyi biyu ne manya. Akwai rancen da ke fitowa daga Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda kuɗin ruwansa ke da sauƙi. Akwai kuma rancen da bankunan kasuwanci da bankunan lamunin gidaje ke bayarwa daga kuɗinsu, wanda a shekarun nan kuɗin ruwansa yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara, kuma wa'adinsa gajere ne.

Asalin tsarin

Tushen Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, wato FMBN, wani kamfanin ba da rancen gine-gine ne da aka kafa a 1956, kafin samun 'yancin kai. A 1977 gwamnatin tarayya ta mayar da shi banki da sunan da yake ɗauke da shi a yau. A 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, wato NHF, ta hanyar dokar soja mai lamba 3 ta wannan shekara, aka kuma ɗora wa FMBN alhakin tattara kuɗin asusun da kula da shi.

Hikimar kafa asusun ita ce bankunan kasuwanci suna riƙe da ajiyar da masu ita za su iya cirewa a kowane lokaci, don haka ba sa iya ba da rancen shekara ashirin ko talatin cikin sauƙi. Asusun da ma'aikata ke zuba wa kuɗi kaɗan-kaɗan tsawon rayuwar aikinsu shi ne zai iya ɗaukar irin wannan dogon wa'adi. Wannan matsalar ce kuma ta sa aka kafa kamfanin NMRC a 2013, wanda aikinsa shi ne samo kuɗi masu dogon zango daga kasuwar hannayen jari da takardun lamuni ya ba bankunan da ke ba da rancen gidaje.

Wa ke zuba kuɗi a asusun?

Gudummawar ita ce kashi 2.5 cikin 100 na abin da mutum ke samu a wata. Mai albashin naira 200,000, alal misali, naira 5,000 ce rabonsa. A da doka ta wajabta wannan a kan ma'aikatan gwamnati da na kamfanoni baki ɗaya. Dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci da aka sa wa hannu a watan Fabrairun 2023 ta sauya wannan: wajibcin ya tsaya a kan ma'aikatan gwamnati da ke karɓar mafi ƙarancin albashi zuwa sama, ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu kuwa an bar musu zaɓi. Masu sana'ar kansu, irin su 'yan kasuwa da teloli da direbobi, su ma suna iya yin rajista su riƙa zubawa, kuma da yawa suna shiga ne ta ƙungiyoyinsu na gama-kai.

Cire kuɗi daga albashi daban, isar kuɗin ga FMBN daban. Idan wurin aiki ya cire bai tura ba, asusun ma'aikacin zai nuna giɓi, kuma wannan giɓin zai iya hana shi rance. Ya dace ma'aikaci ya san lambarsa ta asusun, ya riƙa duba bayanan abin da aka shigar masa, ya kuma adana takardun albashinsa.

Sharuɗɗan rancen

Wanda ya zuba gudummawa na aƙalla wata shida a jere ya cancanci nema. Kuɗin ruwan kashi 6 cikin 100 ne a shekara, wa'adin biya kuma yana iya kaiwa shekara 30. Shekaru da yawa iyakar abin da mutum ɗaya zai iya samu ita ce naira miliyan 15, daga baya bankin ya sanar da ɗaga ta zuwa naira miliyan 50 saboda tsadar gine-gine.

Ba a zuwa FMBN kai tsaye a karɓi wannan rance. Ana bi ne ta bankunan lamunin gidaje da Babban Bankin Najeriya ya ba lasisi kuma FMBN ya amince da su. FMBN yana ba waɗannan bankuna kuɗin a kan kashi 4 cikin 100, su kuma su ba jama'a a kan kashi 6. Bankin da mutum ya bi ta hannunsa shi ne ke tantance takardu, kuma shi za a riƙa biya duk wata.

Abu biyu ne ke ƙayyade yawan kuɗin da za a ba mutum. Na farko shi ne abin da yake samu: biyan wata-wata bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigarsa ba. Na biyu shi ne shekarunsa: ana so a gama biya kafin mutum ya cika shekara 60 ko ya kai lokacin ritaya. Mai shekara 30 zai iya samun cikakken wa'adi, mai shekara 45 kuwa shekara 15 ce ta rage masa.

Yadda lissafin yake

Idan aka ɗauki rancen naira miliyan 10 a kan kashi 6 cikin 100, za a ga yadda wa'adi ke sauya komai. A shekara 30, biyan wata zai kama kusan naira 59,950, jimillar abin da za a biya kuma ta kai kusan naira miliyan 21.6. A shekara 20, biyan wata zai tashi zuwa kusan naira 71,650, jimilla ta sauko zuwa kusan miliyan 17.2. A shekara 15, biyan wata kusan naira 84,400 ne, jimilla kuma kusan miliyan 15.2. Dogon wa'adi yana sauƙaƙa nauyin wata, amma yana ƙara yawan kuɗin ruwa.

A shekarun farko, mafi yawan abin da ake biya kuɗin ruwa ne. A watan farko na rancen shekara 30 ɗin nan, naira 50,000 kuɗin ruwa ce, abin da ya rage daga uwar kuɗi bai kai naira 10,000 ba. Shi ya sa wanda ya yi shekara biyar yana biya yakan yi mamakin ganin bashin bai ragu sosai ba. Wanda ya samu wani kuɗi a tsakani, biyan wani ɓangare na uwar kuɗin da wuri yana rage masa nauyi ƙwarai, sai dai ya fara duba ko yarjejeniyarsa ta sa tara a kan hakan.

Bisa ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku, mai son biyan naira 59,950 a wata yana buƙatar kuɗin shiga na kusan naira 180,000. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 zai iya biyan kusan naira 23,300 ne a wata, abin da zai ba shi rancen da bai kai naira miliyan 4 ba ko da a cikakken wa'adi. Wannan shi ne babban cikas ga ƙananan ma'aikata a biranen da farashin gida ya yi nisa da wannan adadi.

Idan kuma aka ɗauki miliyan 10 ɗin a banki a kan kashi 24 cikin 100 na shekara 10, biyan wata zai kai kusan naira 220,500, wato fiye da ninki uku na rancen asusun mai wa'adin shekara 30. Bugu da ƙari, kuɗin ruwan bankunan kasuwanci yakan sauya idan yanayin kasuwa ya sauya, don haka dole mai nema ya tambaya ko adadin tsayayye ne.

Kuɗin kafin alƙalami

Banki bai cika biyan dukkan farashin gida ba. Mai saye ne ke kawo wani kaso daga aljihunsa. A 2018 FMBN ya sassauta wannan sharaɗi: rancen da bai wuce naira miliyan 5 ba babu kafin alƙalami, daga nan zuwa miliyan 15 kuma kashi 10 cikin 100. Bankunan kasuwanci sukan nemi kashi 20 zuwa 30.

Masu asusun fansho suna da wata kafa. Dokar fansho ta 2014 ta ba da damar amfani da wani ɓangare na ajiyar ritaya domin wannan buƙata, kuma a watan Satumban 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin aiwatarwa. Mutum zai iya cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ba, muddin an zuba masa gudummawa na aƙalla wata 60, kuma saura aƙalla shekara uku ya yi ritaya. Miji da mata da kowannensu ya cika sharuɗɗan suna iya haɗa nasu su sayi gida ɗaya. Kuɗin ba ya shiga hannun mai asusun, ana tura shi ne ga bankin da ke ba da rancen. Abin lura shi ne duk abin da aka cire yanzu zai rage fanshon da za a karɓa bayan ritaya.

Takardun ƙasa

Nan ne mafi yawan buƙatun rance ke tsayawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani da fili, galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma shaidarsa ita ce satifiket ɗin mallaka da aka fi sani da C of O. A yankunan karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da haƙƙin mallaka na gargajiya. A Babban Birnin Tarayya ikon yana hannun ministan Abuja.

Sashe na 22 na dokar ya hana sayarwa ko jinginar da filin da ke da irin wannan satifiket ba tare da amincewar gwamna ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙarfin wannan sharaɗi a 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, inda ta yanke cewa jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba ba ta da inganci. Tun daga nan bankuna ba sa wasa da wannan mataki.

A garuruwan Arewa da yawa, an saba sayen fili ko gida da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa ko dagaci, musamman a unguwannin awon igiya. Wannan takarda tana da amfani wajen nuna an yi ciniki, amma banki ba ya karɓar ta ita kaɗai a matsayin jingina. Gidan da ke awon gwamnati, mai satifiket da taswirar safiyo da izinin gini, shi ne banki ke nema.

Kafin a biya ko sisi, wajibi ne a yi bincike a ofishin rajistar filaye. A Abuja hukumar AGIS ce ke riƙe da bayanan, a Kaduna KADGIS, a Kano KANGIS, a Nasarawa NAGIS, sauran jihohi kuma suna da ma'aikatun ƙasa da safiyo. Binciken zai nuna sunan wanda ke kan takardar, ko an riga an jinginar da gidan ga wani banki, ko gwamnati ta soke mallakar, da kuma ko ana bin bashin harajin ƙasa. Idan gidan gado ne, a tabbatar an raba gadon kuma duk magada sun amince, domin sa hannun ɗa ɗaya ba ya ɗaure sauran. Dacewa ne lauyan da zai yi binciken ya zama na mai saye, ba wanda dillali ko mai sayarwa ya kawo ba.

Matakan nema

Mai nema yakan fara da buɗe asusu a bankin lamunin gidaje, a duba albashinsa ko cinikinsa a gaya masa iyakar abin da zai iya ɗauka. Daga nan ya nemi gidan da ya dace da wannan adadi, ya karɓi takardar tayin sayarwa daga mai gidan ko kamfanin da ya gina shi. Zai haɗa wannan da shaidar gudummawarsa ga asusun, takardun albashi na watannin baya, bayanan asusunsa na banki, shaidar biyan haraji, katin shaida da kofe na takardun gidan.

Banki zai tura masanin ƙimar gidaje ya tantance darajar gidan. Rancen yana bin wannan ƙima ne, ba farashin da mai sayarwa ya faɗa ba, don haka idan ƙimar ta gaza farashin, mai saye ne zai cike giɓin. Banki zai kuma duba tarihin mutum a kamfanonin da ke adana bayanan masu cin bashi. Tsohon bashin da ba a biya ba, ko da na manhajar waya ne, yana iya ɓata wa mai nema suna.

Idan komai ya daidaita, bankin zai miƙa buƙatar ga FMBN. Bayan amincewa, kuɗin yakan tafi ga mai sayarwa kai tsaye. Wannan zagaye yakan ɗauki watanni, don haka ya kamata takardar tayin ta fayyace tsawon lokacin da mai gida zai jira, da kuma abin da zai faru da kafin alƙalami idan rancen bai fito ba.

Kuɗaɗen da ake mantawa

Farashin gida ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Akwai la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin tantance ƙima, kuɗin kan sarki, kuɗin rajista da na neman amincewar gwamna, waɗanda adadinsu ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Banki yakan kuma wajabta inshora iri biyu: ta gobara da sauran haɗurra a kan ginin, da ta rai wadda za ta biya ragowar bashin idan mai gidan ya rasu, domin kada a kori iyalinsa. Ya dace a nemi banki ya rubuta jerin duk waɗannan kuɗaɗe tun farko.

Masu guje wa kuɗin ruwa

Musulmi da dama suna ƙaurace wa irin wannan rance saboda haramcin riba. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus da suka biyo baya, suna amfani da wasu ƙulle-ƙullen ciniki na shari'ar Musulunci. A murabaha, banki ne ke sayen gidan ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, a biya kaɗan-kaɗan. A ijara, banki ya mallaki gidan ya ba da shi haya, mallaka ta koma ga mai haya a ƙarshe. A musharaka mai raguwa, banki da mutum su yi tarayya a gidan, mutum ya riƙa sayen kason banki sannu a hankali yana biyan hayar abin da bai saya ba tukuna. Waɗannan hanyoyi ba kyauta ba ne, kuma su ma suna buƙatar cikakkun takardun ƙasa.

FMBN yana kuma da tsarin haya har zuwa mallaka, inda mai zuba gudummawa zai shiga gida a matsayin ɗan haya ba tare da kafin alƙalami ba, kuɗin hayar da yake biya ya zama kuɗin sayen gidan. Akwai kuma rancen gini ga wanda ke da fili mai takarda, da ƙaramin rancen gyaran gida.

Idan biya ya gagara

Rasa aiki, rashin lafiya ko karyewar jari na iya tsayar da biya. Yarjejeniyar jingina takan ba banki ikon sayar da gidan bayan ya ba da sanarwa a rubuce kuma wa'adin sanarwar ya cika. Idan aka sayar, banki zai ɗauki bashinsa da kuɗin da ya kashe, ragowar kuma haƙƙin mai gidan ne. Idan kuɗin bai isa ba, ana iya ci gaba da bin sa cikon. Tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cirar bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mutum da ke ɗauke da lambarsa ta BVN, idan ya sa hannu a kan wannan izini lokacin karɓar rancen.

Wanda ya hango matsala, abin da ya fi masa shi ne ya sanar da banki a rubuce tun kafin bashi ya taru, ya nemi a tsawaita wa'adi ko a sake tsara biyan. Idan babu mafita, sayar da gidan da kansa da sanin banki yakan kawo farashi mafi kyau fiye da gwanjo.

Wanda bai ci bashin ba

Gudummawar asusun ajiya ce ta mai ita. Wanda ya cika shekara 60, ko ya yi shekara 35 yana aiki, ko ya bar aiki saboda rashin lafiyar da ta hana shi ci gaba, yana da haƙƙin karɓar duk abin da ya zuba tare da ƙarin kashi 2 cikin 100 a shekara, muddin asusun ba ya bin sa bashi. Idan ya rasu, magadansa ne za su nema da takardun gado. Ana kuma cire gudummawar daga kuɗin shiga kafin a lissafa harajin albashi.

Adadin kuɗi da sharuɗɗa suna sauyawa lokaci zuwa lokaci. Ofisoshin FMBN da ke jihohi suna ba da jerin bankunan da aka amince da su da kuma sharuɗɗan da ke aiki a halin yanzu, kuma a asusun banki mai lasisi kaɗai ake biyan kuɗin nema, ba a hannun wani mai shiga tsakani ba.